Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasin Duhun Oktoba Na 2024

Ran Litinin, 21 ga watan Oktoba, 2024, da ƙarfe 4:53 na asuba, ɗaya daga cikin manyan layukan wutar lantarki guda biyu da suka taso daga Ugwuaji kusa da Inugu suka nufi Apir kusa da Makurɗi ya yanke. Bisa ga sanarwar kamfanin dakon wuta na ƙasa, watau TCN, megawat 243 da layin nan ke ɗauke da su nan take suka koma kan ɗan'uwansa. Minti biyar kaɗai ɗan'uwan ya jure, sai shi ma ya saki. Megawat 468 suka salwanta a lokaci guda, mafi yawan jihohin Arewa suka faɗa cikin duhu, ba a sāke ganin hasken kirki a ƙasar Kano ba sai ran 30 ga wata, bayan an gano inda waya ta tsinke cikin wani daji mai fadama a yankin Igumale ta Jihar Binuwai, aka gyara.

Mai tambaya zai ce, yaya aka yi tsinkewar waya a Binuwai ta hana mutumin Bichi niƙa hatsi? Amsa ita ce, tun kafin ranar nan an lalata turakun layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando ta Kaduna, wanda shi ne babbar hanyar wutar Arewa, rashin tsaro kuwa ya hana injiniyoyi shiga dajin su gyara. Saboda haka sai nauyin ƙasa guda ya koma kan hanya ɗaya, wadda ta zaga ta Makurɗi da Jos kafin ta iso Kaduna da Kano. Ran da hanyar nan ta gaza, babu ta uku.

An yi ta magana a kan ɓarayi da 'yan ta'adda, kuma lalle laifinsu ba ƙarami ba ne. Amma mu a nan muna so mu duba wani gefe da ba a cika dubawa ba. Akwai wani fanni na ilmin injiniya wanda aikinsa shi ne shirya inji ko tsari yadda zai ci gaba da aiki ko da wani sashensa ya lalace. Za mu kira shi ilmin jure aibi. Muna ganin ya kamata malamin makaranta da akawun ofis su san gindinsa, domin su ne ke rubuta takardun kwangila, su ne kuma ke koyar da waɗanda za su riƙe injunan gobe.

WANDA DUHUN YA FI TAƁAWA

Mazaunin birni ya kan zaci wahalar rashin wuta ta masu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa ce kaɗai. To, bari mu leƙa arewacin birni, ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa, har zuwa Bichi da Bagwai da Makoɗa da Ɗambatta. Wannan ƙasa ce da gona ta haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba ka ganin dajin da a ke bari ya huta. Da ya ke gonakin ƙanana ne, mutane kuwa da yawa, da wuya ka sami gidan da noma kaɗai ke riƙe da shi. Wannan na da injin niƙa, wancan walda, wani keken ɗinki, wani cajin waya, wata kuma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Sana'o'in nan su ne ke cike giɓin rumbu, kuma kusan dukansu da wuta su ke tafiya.

Ga shi kuma duhun ya faɗo a tsakiyar kaka, lokacin da gero ya shigo gida, a ke cire gyaɗa, shinkafa na jiran casa, kasuwar Dawanau kuwa ta cika da masu tankaɗe riɗi da wake. Mai inji da ya rasa wuta sai ya koma kan janareta, a watan da litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Ba shi zai biya bambancin ba. Uwargida mai kai kwanon dawa niƙa ita za ta biya. Haka matatar ruwa irin ta Watari, da rijiyoyin burtsatse masu famfon lantarki, da firjin ajiye allurar rigakafi a ƙaramin asibitin da ba shi da na'urar hasken rana, da ɗakin haihuwa cikin dare. Ashe maganar ta rai ce da lafiya da abinci.

HALIN LAYIN WUTA

Kafin mu fahimci magani, tilas mu fahimci halin mara lafiya. Abu na farko, babban layin wuta ba rumbu ba ne. Ba a zuba wuta a cikinsa a ajiye. Abin da tashoshi suka samar a wannan sakan, shi a ke sha a wannan sakan. Alamar daidaito tsakanin samarwa da sha ita ce bugun wuta, wanda a Nijeriya sau 50 ne a kowane sakan. In masu sha suka fi ƙarfin masu samarwa, sai injuna su yi nauyi, bugu ya ragu. In masu sha suka ragu kwatsam, sai injuna su zabura, bugu ya hau. Dokar layin ƙasa ta ce a lokacin lafiya bugun ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25, a lokacin matsi kuwa kada ya fita daga tsakanin 48.75 da 51.25. In ya ƙetare iyaka, kowane inji yana da na'urar da za ta cire shi don kada ya ƙone, cirewarsa kuwa sai ta ƙara wa sauran nauyi.

Abu na biyu, injunan ƙasa duka, daga Kainji da Jebba da Shiroro har zuwa Egbin ta Legas, tare su ke juyawa ƙafa da ƙafa, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya. In sa ɗaya ya ɗan wuce ɗan'uwansa, karkiya ta kan jawo shi ya dawo. In ya wuce da yawa, karkiyar ce za ta karye.

Abu na uku shi ne mafi muhimmanci. A aji mu kan koya wa yara lissafin ninki: in mudu ɗaya kaza ne, mudu biyu ninki biyu ne. Yawancin abubuwan duniya masu motsi ba su bin wannan lissafi, layin wuta kuwa yana cikinsu. Ga misalai biyu da malamin lissafi zai iya gwadawa a allo. In aka ninka wutar da ke bin waya sau biyu, zafin da wayar za ta yi sau huɗu zai ninku. In sau uku, zafin sau tara. Waya in ta yi zafi sai ta miƙe ta lanƙwaso ƙasa, ta taɓa itace, ta yanke. Na biyu, ƙarfin da layi ke iya ɗauka ya danganta da kusurwar da ke tsakanin injunan wannan kai da na wancan kai. A digiri 30 layi na ɗauke da rabin iyakarsa. A digiri 60 ya kai kashi 87 cikin 100. A digiri 90 ya kai ƙarshe, daga nan kuma ko an ƙara kusurwa ƙarfin raguwa zai yi, sai injuna su ɓace wa juna.

Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangalar taki ya san wannan hali. Ka ƙara kwando ɗaya, ya ɗan rage sauri. Ka ƙara na biyu, ya ɗan ƙara ragewa. Amma akwai kwandon da in ka ƙara shi, jaki ba rage sauri zai yi ba, durƙushewa zai yi. Wahalar injiniya ita ce, dabarar da ke aiki sa'ad da kaya ke da sauƙi ba lalle ta yi aiki kusa da wurin durƙushewa ba.

Wani masanin lissafi na ƙasar Rasha, Aleksandr Lyapunov, ya ba da hanyar auna wannan a 1892. Za mu kwatanta da goro a cikin ƙwarya. In ka ɗan tura shi, zai yi ta kai da kawowa har ya kwanta a tsakiya. In ka tura shi har ya haye baki, ya tafi ke nan. Aibi ya kan yi abu biyu tare: ya tura goron, ya kuma rage zurfin ƙwaryar. Layin Shiroro da aka rasa shi ya rage zurfin ƙwaryar Arewa. Yankewar asubahin 21 ga Oktoba ita ce turawar.

HANYOYI BIYU NA JURE AIBI

Tun 1788 James Watt ya sa wa injin tururi wata na'ura mai ƙwallaye biyu, wadda ke rage tururi in inji ya zabura, ta ƙara in ya yi sanyi. Mu kira ta linzamin inji. A 1868 James Clerk Maxwell ya yi bayanin lissafinta, daga nan ilmin sarrafa inji ya kafu. Amma linzami yana aiki ne muddin doki da ragama da hannun mahayi duk lafiya su ke. Ilmin jure aibi tambayarsa ita ce: in ɗaya daga cikinsu ya sami matsala fa?

Masana sun raba amsar gida biyu. Hanya ta farko ita ce shiri tun ran gini. A lissafa irin aibin da a ke tsammani, a gina tsari da rara, a saita linzami yadda zai jure su ba tare da ya san ma sun auku ba. Babbar ƙa'idar layukan wuta a duniya daga nan ta fito, ita ce ƙa'idar cire ɗaya: a kowane lokaci, in aka cire kowane abu guda, ko layi ko taransifoma ko inji, sauran su iya ɗaukar nauyin. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta jiran kowa. Illarta kuwa tsada, sa'an nan aibin da ba a lissafa da shi ba ya kan ci ta da yaƙi.

Hanya ta biyu ita ce farkawa da sauya shiri, tana kuma da mataki uku. Na farko ganowa. A kan sa kwamfuta ta riƙe siffar tsarin a lissafe, kullum tana cewa, in lafiya a ke, ga abin da ma'auni ya kamata ya nuna. Sai a gwada da abin da ma'aunin ya nuna da gaske. In bambanci kaɗan ne, hayaniya ce kawai; in ya yi girma ya kuma daɗe, akwai aibi. Dabarar da Rudolf Kalman ya fito da ita a 1960 tana cikin manyan kayan wannan aiki, an kuma faɗaɗa ta don tsarin da ba ya bin lissafin ninki, har aka yi amfani da ita wajen kai kumbon Apollo duniyar wata. Da ya ke ma'auni kansa ya kan yi ƙarya, sai a sa guda uku a wuri ɗaya, in ɗaya ya saɓa wa biyu a bi maganar biyun, kamar yadda alƙali ke yi da shaidu.

Mataki na biyu warewa: a san wane sashe ne, a yanke shi kaɗai, cikin abin da bai fi kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, kada a yanke mai lafiya tare da shi. Mataki na uku sāke shiri da abin da ya rage. A layin wuta wannan na nufin linzamin kowane inji ya amsa da kansa, a saki wutar ko-ta-kwana da injuna ke riƙe da ita suna juyawa, a sauke wani kaya da gangan don a tsira da sauran, in ta kama kuma a raba ƙasa tsibiri-tsibiri, kowane yanki ya tsaya da injunansa har a sāke haɗawa. Manufa ita ce in za a yi hasara a yi ta kaɗan-kaɗan, kada gida ya rushe gaba ɗaya.

MANOMIN KANO YA RIGA MU SANI

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hikima baƙuwa ce a ƙasarmu. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda ƙauyukan kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Abin da ya gani shi ne abin da kowannenmu ya tashi ya tarar. Manomi ba ya zuba iri ɗaya. Ga gero mai nuna da wuri, ga dawa mai jiran ƙarshen damina, ga wake da gyaɗa a tsakanin kunya, ga tumaki da awaki a gida suna cin harawa suna ba da taki, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaye cikin gona. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira. In ya makara dawa ta biya. Wannan shi ne shiri tun ran gini.

Yana kuma da hanya ta biyu. Kullum yana zagaya gona yana duban ganye, watau ganowa. In binne ya ƙone ya sāke shuka. In lokaci ya ƙure ya koma wa iri mai saurin nuna. In damina ta ƙi gaba ɗaya ya sauka fadama, ko ya sayar da akuya, ko ya tafi cin rani. Farin 1972 zuwa 1974 ya gwada wannan tsari gwaji mai tsanani, haka cutar kuturun gyaɗa da ta cinye amfanin 1975. An sha wuya ƙwarai, dalar gyaɗa ta tafi ba ta dawo ba, amma noman ƙasar bai rushe ba, domin ba a kan ƙafa ɗaya ya ke tsaye ba. Abin mamaki ne a ce wutar da ke zuwa gidan wannan manomi ba ta da ko rabin tsinkayen da gonarsa ke da shi.

GANI GA WANE

Ran 19 ga Yuli, 1989, wani jirgin sama ƙirar DC-10 na kamfanin United ya sami fashewar injin wutsiya a sararin Amurka. Jirgin na da hanyoyin man sarrafa fukafukai guda uku, don in ɗaya ta gaza biyu su riƙe. Amma dukansu ta kusa da injin nan suka bi, sai tarkace ya tsinke su a lokaci guda. Matuƙan suka koma tuƙi da injuna biyun da suka rage, a ƙara wa wannan wuta a rage wa wancan, har suka kai shi filin jirgin Sioux City. Daga mutum 296 da ke ciki, 184 suka tsira. Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, abin ko-ta-kwana da ya bi hanya ɗaya da na asali, ƙaddara ɗaya ke jiransu. Layuka biyu da ke rataye a kan turaku ɗaya, in turke ya faɗi, tare za su faɗi. Na biyu, abin da matuƙan suka yi da hannu an iya koya wa kwamfuta: a 1993 hukumar NASA ta saukar da jirgin F-15 da ƙarfin injuna kaɗai.

Ran 14 ga Agusta, 2003, mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Layuka sun yi zafi sun taɓa itatuwa a Jihar Ohio, amma abin da ya mai da ƙaramin aibi babba shi ne na'urar ƙararrawa ta ɗakin lura ta tsaya fiye da sa'a guda, ma'aikata na zaune ba su san gida na ci ba. Mai gadi ma yana bukatar mai duba shi.

Ran 28 ga Afrilu, 2025, da tsakar rana, Sifen da Fotugal suka yi duhu cikin 'yan sakanni, bayan ƙarfin wuta ya hau fiye da kima, tashoshi suka yi ta cire kansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya nuna ba ƙasar da ta fi ƙarfin aibi. Amma kafin gari ya waye washegari kusan kowa ya sami wuta, domin suna da tashoshin ruwa masu iya tashi da kansu, ga kuma layuka daga Faransa da Maroko. Su sa'o'i suka yi, mu kwana tara. Tazarar da ke tsakani ita ce ma'aunin shiri.

INA MU KE TSAYE?

A cikin mako guda kafin duhun Arewa, layin ƙasa ya faɗi ran 14 da ran 15 da ran 19 ga Oktoba, na ƙarshen saboda fashewar wata na'ura a tashar Jebba. A shekarar 2024 ya faɗi fiye da sau goma. Hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta yi zaman jin bahasi a bainar jama'a ran 24 ga watan. Dalilan da masana ke ta nanatawa ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, siffar layin. Yawancin tashoshin gas suna Kudu, manyan tashoshin ruwa kuwa, Kainji ta 1968, Jebba ta 1985, Shiroro ta 1990 da Zungeru mai megawat 700, duk a yankin Neja su ke. Kano na can ƙarshen reshe, wuta na zuwa Kumbotso daga Mando, daga nan ta rarrabu. Reshe in an sare shi a gindi, ganyen ƙarshe ne ke fara bushewa. Abin da a ke bukata shi ne zobe, yadda in an yanke ta gabas wuta ta zo ta yamma. Bankin Raya Afirka ya amince da rance a 2019 don sāke gina layin Kaduna zuwa Kano, akwai aikin babbar tasha a Rimin Zakara ta ƙasar Ungogo, akwai kuma shirin layin da zai taso daga Katsina ya bi ta Daura da Gwiwa ya sauka Kura. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda zai ba da damar kafa tashoshi a nan kusa. Waɗannan ayyuka su ne ya kamata wakilanmu su riƙa tambayar labarinsu a kowane zama.

Na biyu, idanu. Cibiyar lura da layin ƙasa tana Osogbo. Na'urar da ke kai mata labarin kowace tasha nan take, ta kuma ba ta ikon buɗewa da rufewa daga nesa, ita a ke kira SCADA. A 2018 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 486 don gyaran layukan dako, har da wannan na'ura, amma a 2024 rashin cikarta na cikin abin da aka yi ta kuka da shi. Wanda ba ya gani ba zai gano aibi ba, balle ya ware shi. Tsarin da ke rushewa cikin sakanni ba a riƙe shi da kiran tarho.

Na uku, wutar ko-ta-kwana. A nan tilas mu yi adalci. Ƙasar da ke da injunan da a takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma mafi yawan abin da ta taɓa turawa a layi ran 4 ga Maris, 2025 bai kai 6,000 ba, kowane megawat da aka ajiye wani aka hana. Amma mai hankali ya san irin shuka ba a cin sa ko ana yunwa. Gara a hana unguwa goma wuta na sa'a biyu bisa tsari, da a hana ƙasa duka na kwana biyu ba shiri. Kuma wanda ya ajiye wutar nan tilas a biya shi ladan ajiya, in ba haka ba ba wanda zai yarda.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta kawo sauyi biyu. Ta sa an raba aikin lura da layi daga aikin gina shi, aka kafa hukuma mai zaman kanta, NISO, wadda ta kama aiki a 2025. Ta kuma ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Kano na da abin farawa: tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a yankin Chalawa a watan Janairun 2023, da tashar ruwa mai megawat 10 da jiha ta gina a madatsar Tiga. Sai dai a lura da wani abu. Yawancin tashoshin hasken rana da a ke jonawa da babban layi an gina su ne su kashe kansu da zarar layin ya mutu, don kada su kashe ma'aikacin da ke kan turke. In ana so su riƙe gari ran duhu, sai an sa musu batura da na'urar da ke iya kafa bugun wuta da kanta, tun a takardar kwangila.

SHAWARARMU

Mun sani babu kwamfutar da za ta hana ɓarawo kwance ƙarfen turke. Wannan aikin jami'an tsaro ne, da hakimai da dagatai da masu unguwannin da layi ya ratsa ƙasarsu. Amma mai gini ba ya cewa ruwa ne ya yi laifi in soro ya zuba. Ya san za a yi ruwa, shi ya sa ya ke sa indararo.

Ga hukumomin tarayya, muna roƙon a kammala zoben Arewa da na'urar lura, a kuma riƙa buga rahoton kowace faɗuwa a fili, da dalilinta da gyaran da aka yi, kamar yadda a ke yi wa haɗarin jirgin sama.

Ga jiha da kamfanin rarraba wuta na KEDCO, akwai maganar da ta shafi ƙauye kai tsaye. Sauke kaya wajibi ne, amma wa a ke fara saukewa? Tun da aka ƙara kuɗin rukunin A a watan Afrilun 2024, bisa alkawarin sa'a 20 a rana, hankali ya karkata ga layukan da suka fi kawo kuɗi, layin ƙauye kuwa da wuya ya shiga wannan rukuni. Ya kamata a sami rubutaccen jeri wanda kowa ya sani, a sa asibiti da matatar ruwa da wurin ajiyar magani a sahun da ba a taɓawa sai an rasa yadda za a yi.

Ga akawun ƙaramar hukuma, aikinka ya fi yadda ka ke zato. In an kawo takardar gina rijiyar burtsatse mai hasken rana, tambaya: in famfo ya mutu, ina na biyu? Tankin zai riƙe gari kwana nawa? Akwai famfon hannu a kusa? Wa zai gyara, a ina kuma za a sami kayan gyara? Buɗe littafi, ka rubuta ranar da kowace taransifoma ta lalace da ranar da aka gyara ta. Janaretan asibiti a tashe shi kowane wata ko ana da wuta, domin abin ko-ta-kwana da ba a gwadawa, ran bukata a ke gane ya daɗe da mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga malamin makaranta, in ka gama koyar da lissafin ninki, ƙara darasi ɗaya a kan abubuwan da ba su bin sa. Kawo ƙwarya da goro aji. Tambayi yara me ya sa ubanninsu ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Yaron da ya iya amsa wannan ya kama bakin zaren ilmin da a ke tuƙa jirgin sama da shi, wata rana kuwa shi zai zauna a ɗakin lura yana riƙe da linzamin wutar ƙasa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin shiri tun da sauran haske, Ya kuma kiyashe mu da duhun da ya fi wannan. Amin.